Aiki Da FrontPage, Manhajar Da Masu Ita Suka Bari

Abin da zan faɗa ya same ni, yana yiwuwa kuma ya sami waɗansunku.

A zangon da ya wuce, sa'ad da aka rarraba mu gwajin koyarwa, ni aka tura ni wata ƙaramar sakandare ta ƙauye, aka ce in koyar da darasin kwamfuta. Ran da na isa shugaban makarantar ya buɗe mini wani ɗaki, na tarar da kwamfutoci 9 a lulluɓe da zannuwa, 6 ne kaɗai su ke tashi. Waɗansu bayin Allah ne suka ba makarantar kyauta tun shekarun baya. Babu intanet, wuta kuwa sai an ta da janareta. Na duba tsarin darussa, na ga a mako na bakwai an ce a koya wa yara yin shafin yanar gizo. Na bincika cikin kwamfutocin kaf, ban sami manhajar yin shafi ba sai guda ɗaya tak, ita ce FrontPage 2003. Ta girmi dukan yaran ajin, ni da ita kuwa kusan sa'o'in juna ne. Tun da ya ke makarantu irin wannan ba su da wuyar samu, kuma har yanzu akwai littattafan kwamfuta na sakandare da na gani suna ambatonta, na ga ya kamata in rubuta abin da na koya, domin wanda aka tura bayana kada ya sha kunyar da na sha.

Da fari sai mu san mene ne shafi. Ko wane shafi da ka ke buɗewa a wayarka, asalinsa rubutu ne zalla, ba hoto, ba launi. A cikin rubutun an cuccusa waɗansu alamu masu gaya wa burauza, watau manhajar da ke nuna shafi irin su Chrome da Firefox, cewa nan kan magana ne, nan sabon sakin layi, nan a sa hoto kaza, nan kuma in an taɓa a wuce zuwa wani shafi. Wannan tsarin alamu shi a ke kira HTML. Wani Baturen Ingila mai suna Tim Berners-Lee ne ya ƙago shi, sa'ad da ya ke aiki a CERN, babban wurin binciken kimiyya da ke ƙasar Suwizalan. Ya kawo shawarar abin a 1989, ya yi burauza ta fari a 1990. Tasa burauzar tana karanta shafi, tana kuma rubuta shi. Amma waɗanda suka cika duniya bayanta, Mosaic a 1993 da Netscape a 1994, karatu kaɗai suka iya a farkonsu. Saboda haka a lokacin nan duk mai son ya yi shafi, tilas ya haddace alamun, ya zauna ya buga su ɗaya ɗaya da hannunsa.

Wannan wahala ce waɗansu mutum biyu na Amurka, Charles Ferguson da Randy Forgaard, suka ga za su iya ɗauke wa mutane su kuma sami abinci. A 1994 suka kafa wani ƙaramin kamfani a Kambirij ta Amurka, ba ta Ingila ba, suka sa masa suna Vermeer Technologies. A 1995 suka fito da FrontPage. Ba ta daɗe a kasuwa ba, a watan Janairu na 1996 kamfanin Microsoft ya saye su ɗungum a kan kimanin dala miliyan 133. Shi Ferguson ɗin daga baya ya koma yin fim, har fim ɗinsa mai suna Inside Job ya ci kyautar Oscar a 2011, amma wannan wani labari ne. A hannun Microsoft aka yi ta sabunta manhajar, aka yi ta 97, da ta 98, da ta 2000, da ta 2002, sa'an nan ta 2003, wadda ita ce autarsu. A 2006 kamfanin ya daina yin ta, ya kawo Expression Web da SharePoint Designer a madadinta. Ita Expression Web ɗin ma ba ta yi tsawon rai ba, a ƙarshen 2012 aka daina sayar da ita. Ran 8 ga Afrilu, 2014, Microsoft ya janye hannunsa daga gyaran dukan manhajojin Office na 2003, rana ɗaya da Windows XP. Tun daga ranar ba wanda ke toshe mata ɓaraka.

To, mene ne aikinta? Turawa suna taƙaita shi da haruffa bakwai, WYSIWYG, ma'anarsa wai abin da ka gani shi za ka samu. Kai dai ka yi ta buga rubutunka kamar mai rubuta wasiƙa a Word, ka ƙara wa wannan girma, ka sa wa wancan launi, ita kuwa tana bayan fage tana rubuta alamun HTML a madadinka. Ku tuna da hula mai ɗinkin hannu. Ta waje ka ga zane sumul, amma in ka juya cikinta sai ka ga ƙulle-ƙullen zare da inda aka tsallaka. Kai fuskar hular ka ke kallo, burauzar mai karatu kuwa cikinta ta ke bi. Dukan wahalar aiki da FrontPage a yau daga nan ta taso, gama tana ƙulla zarenta irin na 2003, masu duba ɗinkin kuwa na yanzu ne.

In ka buɗe ta 2003 za ka ga kalmomi huɗu a jere a gindin shafi ta hannun hagu. Design ita ce fuskar hula, inda ka ke rubutu. Code ita ce cikin hula, inda alamun su ke. Split tana raba allo biyu, alamu a sama, fuska a ƙasa, kuma a ta 2003 aka fara sa ta. Preview kuwa tana nuna maka shafin yadda Internet Explorer za ta nuna shi. A nan sai a yi hankali, domin ita Internet Explorer ɗin an sallame ta tun ran 15 ga Yuni, 2022. Wanda ya dogara ga Preview, kamar ɗalibin da ya kai jarrabawarsa wurin malamin da ya riga ya bar aiki ne. Ka adana shafinka, ka ɗauke shi ka buɗe da burauzar zamani, sa'an nan ka san gaskiyarsa.

Yanzu ga kunyata ta fari. Na sa yara su yi shafin tarihin makarantarsu, da Turanci da Hausa, domin a nuna wa iyaye ran taronsu. Muka ɗauki hotuna da wayata, na ƙofar makaranta, da na rijiya, da na ƙungiyar mawaƙa, muka zuba a kwamfuta. Yara suka buɗe sabon shafi, suka jera hotunan, abin gwanin sha'awa. Ran taro na kwafe shafin a filas, na kai kwamfutar tafi-da-gidanka ta shugaban makaranta. Iyaye sun zauna, malamin da ya zo duba ni daga nan kwaleji yana gefe da littafinsa a hannu. Na buɗe shafi, sai ga rubutu, amma ko wane hoto ya zama fanko da 'yar alama a kusurwa. Wani dattijo ya ce, "Malam, ina rijiyar?" Aka yi dariya, ni kuwa gumi ya karyo mini.

Laifin nawa ne. Hoto ba ya shiga cikin shafi yadda ya ke shiga takardar Word. Abin da a ke rubutawa a shafi adireshin hoton ne kawai, watau a je wuri kaza a ɗauko shi. Da ya ke na kwashi shafin shi kaɗai, adireshin kuwa yana nuna wata jaka a cikin kwamfutar ɗakin karatu, sai kwamfutar shugaba ta je neman jakar a cikinta, ba ta samu ba. Maganin wannan shi ne tun kafin ka buga ko harafi ɗaya, ka shiga File, ka zaɓi New, ka buɗe abin da manhajar ke kira Web Site. Ba wani abu ba ne illa jaka guda wadda za ta riƙe dukan shafuffukanka, da ƙaramar jakar hotuna a cikinta. In kana aiki a ciki, duk sa'ad da ka adana shafi mai sabon hoto za ta tambaye ka ko ta kwafo hoton cikin jakar, sai ka yarda. In ka sāke wa wani shafi suna kuma, za ta bi sauran shafuffuka ta gyara mahaɗan da ke nuna shi. Wannan kam aikin kirki ne, har yau ina yaba mata. Ran da za ka kai wani wuri, jakar duka za ka ɗauka. In kana shakka, shiga Code ka nemi duk inda aka rubuta file da harafin C, gama ko wane ɗaya ka gani, hoto ne da zai ɓace a hanya.

Shafin farko ka sa masa suna index.htm, shi ne ƙofar gida. Sunayen sauran ka rubuta da ƙananan haruffa, ba tazara, ba haruffa masu lanƙwasa, domin yawancin kwamfutocin da ke ba shafuffuka masauki suna bambanta babban harafi da ƙarami, Rijiya.jpg dabam, rijiya.jpg dabam. Kada kuma ka manta da sunan da ke fitowa a saman burauza. In ba ka sāke shi ba zai zauna New Page 1, kowa ya gani ya san aikin ɗan koyo ne.

Sauran aikin yau da kullum ba wuya. Enter tana buɗe sabon sakin layi da tazara, Shift da Enter tare suna saukowa layi ɗaya ba tazara. Ctrl da K suna ƙulla mahaɗi. Kan magana kuwa kada ka yi shi da ƙara girman harafi kawai, ka zaɓi Heading daga akwatin salo, akwai daga 1 zuwa 6. Ga ido duk ɗaya ne, amma manhajar da ke karanta wa makafi shafi, da injin bincike irin na Google, da alamar su ke gane kan magana. In za ka kwaso rubutu daga Word, ka fara zuba shi a Notepad, sa'an nan ka kwashe daga can, in ba haka ba zai zo da tarkacen alamu da za su cika maka Code har ka rasa inda rubutunka ya ke. Hoto kuma, in ka ja kusurwarsa ya ƙanƙance, a ido ne kawai ya ƙanƙance, nauyinsa yana nan. Sai ka danna Resample a jerin kayan aikin hoto kafin ya ragu da gaske. A gindin allo ta hannun dama manhajar tana nuna daƙiƙa nawa shafin zai ɗauka kafin ya buɗe a layin 56K, irin na zamanin da a ke shiga intanet ta wayar tarho. Yara suka yi ta dariyar wannan, amma na ce musu wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa a ƙauyen da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ba zai yi dariya ba.

Kunyata ta biyu ta fi ta fari ciwo, kuma ita ce ta fi shafarmu mu masu rubuta Hausa. Sashen Hausa na shafin nan, wani malami ne ya ba mu shi a rubuce tun da daɗewa. A kwamfutar ɗakin karatu ƙ da ɗ da ɓ duk sun fito daidai. A ta shugaba kuwa sai waɗansu alamu suka tsaya a gurbinsu, har sunan ƙauyen ya zama abin da ba ya karantuwa. Na kwana biyu ina bincike kafin na gane cewa ciwon nan iri uku ne, ko wane da maganinsa.

Na fari shi ne wanda ya same mu. Kafin tsarin Unicode ya bazu, masu buga Hausa su kan yi dabara, su ɗauki wani salon haruffa, su cire wata alama da Hausa ba ta bukata, su zana ƙ a gurbinta. Muddin salon nan yana cikin kwamfutarka za ka ga ƙ. Amma ita kwamfuta a ranta tsohuwar alamar ce, saboda haka da an kai wata kwamfutar da ba ta da salon, sai asiri ya tonu. Wannan ba shi da magani sai a bi haruffan a musanya su da na gaskiya.

Na biyu zancen lissafin haruffa ne. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A kwamfutocin Turanci, FrontPage ta kan buɗe sabon shafi da tsarin da a ke kira windows-1252, wanda gurabensa ba su wuce 256 ba, an yi shi domin harsunan Yammacin Turai, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a ciki. Unicode kuwa, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya ba ko wane harafi lambarsa. Lambar ƙ 409, ta ɗ 599, ta ɓ 595. Manyansu kuma Ƙ 408, Ɗ 394, Ɓ 385. Harafin ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu mu ke sa 'y, lambarsa 436. In ka sa ƙ a shafin da ke kan windows-1252, manhajar ta kan rubuta lambar a madadinsa, watau alamar & da alamar # da 409 da waƙafi mai ɗigo a kai. Burauza tana gane wannan sarai, sai dai in ka shiga Code za ka ga Hausarka ta cika da lambobi kamar littafin lissafi. Abin da ya fi shi ne ka danna linzami na dama a kan shafi, ka zaɓi Page Properties, ka shiga Language, ka ce a adana shafin da Unicode UTF-8. Ka yi haka ga ko wane shafi tun yana fanko. In kuwa an adana shafi da UTF-8 amma aka karanta shi da windows-1252, nan ne za ka ga ƙasa ta zama Æ™asa, ɗaki ya zama É—aki. Na tabbata da yawanku kun taɓa ganin irin wannan a intanet kuna tsammani aljanu ne. Dalili shi ne UTF-8 yana rubuta ƙ da lambobi biyu, shi kuwa tsohon tsarin sai ya ɗauki ko wace lamba harafi ce mai zaman kanta.

Na uku shi ne komai daidai ne a rubuce, amma salon haruffan da aka zaɓa ba shi da zanen harafin, sai ka ga ɗan akwati a gurbinsa. A Windows XP wannan ya kan faru da Times New Roman. Lucida Sans Unicode kuwa, wanda ke zuwa tare da XP, yana da haruffanmu, shi na sa yara suka zaɓa. Wayoyin yanzu da sababbin kwamfutoci ba su cika samun wannan ciwo ba. Da ya ke XP ba ta zo da madannan Hausa ba, sai na buɗe ɗan fayil guda, na jera haruffan nan manya da ƙanana, yara suna kwafa daga ciki.

Akwai kuma waɗansu kayan da ke cikin manhajar waɗanda a yau gawa ne, ko da ya ke suna nan a jere kamar masu rai. In ka shiga Insert ka zaɓi Web Component, za ta miƙo maka ma'aunin ƙidaya baƙi, da akwatin bincike, akwai kuma fom da mutum zai cika ya aiko da saƙo. Waɗannan ba su aiki su kaɗai. Suna bukatar wata manhaja a can kwamfutar masauki, mai suna FrontPage Server Extensions, ita ce ke ƙidaya baƙin, ita ce ke karɓar saƙon. Microsoft ya daɗe da barin ta, masu ba da masauki kuma galibinsu sun cire ta saboda ɓarayin intanet sun sha shiga ta nan. Ka ga hatsarin. A fuskar Design fom ɗin zai fito tsaf, da gurbin suna da na lambar waya. Makaranta ta sa shi a intanet, uba ya cika yana neman wa 'yarsa gurbin karatu, ya danna, saƙon bai je ko'ina ba, shi yana jiran amsa, makaranta ba ta san ya yi ba. Gara ka rubuta adireshin makaranta da lambar ofis a fili. Hanyar gane su ita ce a Code, inda za ka ga kalmar webbot. Amma ba ko wane webbot ne matacce ba. Jerin mahaɗai da ke bin tsarin shafuffuka, da gefunan da a ke maimaitawa a ko wane shafi, su tun a kwamfutarka a ke rubuta su cikin shafin, saboda haka suna aiki ko'ina. Wanda ke jiran baƙo ya zo kafin ya yi aikinsa, shi ne ya mutu.

Maɓallan nan masu sāke launi in linzami ya bi ta kansu, na FrontPage 2000 da 2002, da Java aka yi su, Chrome kuwa ta rufe wa irinsu ƙofa a 2015, Firefox a 2017. Rubutu mai gudu daga dama zuwa hagu, wanda a ke kira Marquee, shi har yanzu yana gudu a burauzoji, ko da ya ke masu tsara ƙa'idar HTML sun ce a bar shi. Yarana sun ƙaunace shi ƙwarai, da na sake musu da sunan kowa ya yi ta sintiri a allo. Na yarda musu guda ɗaya, na "Barka da zuwa". Za ka kuma ga waɗansu jakunkuna da ba kai ka yi su ba, irin su _vti_cnf da _vti_pvt. Na bayanan manhajar ne, ba sai an ɗora su a intanet ba. Haruffan nan vti kuwa sunan Vermeer Technologies ne, ya maƙale tun 1995 bai fita ba.

Saura zancen waya. A 2003 mai yin shafi allon tebur ya ke tunani, mai faɗin ɗigo 800 da tsawo 600, iPhone ma sai 2007 ta fito. Hanyar jera shafi a lokacin ita ce a zana jadawali mai ginshiƙai, a ƙayyade faɗinsa da ɗigo, a zuba rubutu a ɗakunansa. In ka buɗe irin wannan a waya, sai ta matse shi duka ya shiga tafin hannu, rubutu ya zama kamar ƙwan kifi. Iyayen yaranmu kuwa, in za su ga shafin, a waya za su gan shi. Abin da na yi shi ne na hana ginshiƙai, muka yi shafi mai zubi ɗaya daga sama har ƙasa, inda jadawali ya zama dole muka ba shi faɗi da kashi cikin ɗari. Sa'an nan muka shiga Code muka ƙara layi biyu da manhajar ba ta sawa da kanta. Na fari a can sama da komai, <!DOCTYPE html>, shi ke gaya wa burauza ta bi ƙa'idar zamani, kada ta koma halin da. Na biyu a cikin sashen head, <meta name="viewport" content="width=device-width, initial-scale=1">, shi ke gaya wa waya ta shimfiɗa shafin daidai faɗinta. Ƙa'idar HTML5 sai a Oktoba 2014 aka tabbatar da ita, saboda haka sababbin alamu irin na sa bidiyo, FrontPage ba ta san su ba, ko ka rubuta ba za ta nuna maka su yadda ya kamata a Design ba.

Wani zai ce, to, in haka ne me ya sa ba za a yar da ita ba? In shafin da makaranta za ta sa a intanet ne domin jama'a, ni ma na ce a yar. WordPress, wadda ita ma a 2003 aka haife ta, tana nan ana ta sabunta ta, ta fi dacewa da wannan aiki nesa ba kusa ba. Kada kuma kowa ya haɗa kwamfuta mai XP da intanet, kada ya je yana sauko da FrontPage daga shafuffukan da ke cewa kyauta ce, gama Microsoft ba ya rarraba ta, abin da za ka sauko da shi Allah kaɗai ya san abin da aka cusa a ciki. In ta kama a ɗora shafin da aka yi da ita, a kwashi jakar a kai sabuwar kwamfuta, a bincike filas ɗin, a aika da manhaja irin FileZilla.

Amma a ɗakin da ba intanet, inda man janareta na minti 40 ne, ban ga abin da ya kai Split koyarwa ba. Na ce wa yarinya ta buga sunanta a ƙasa, ta shafa shi, ta danna B. Nan take a sama sai ga <b> a gaban sunan, ga </b> a bayansa. Na ce ta hau sama ta goge su. Ta goge, sunan ya koma siriri. Ta dube ni ta ce, "Malam, ashe abin da ya ke yi ke nan?" Daga nan ba wanda ya sāke jin tsoron alamun. Muka yi haka da kan magana, da mahaɗi, da hoto, ko wane su yi a ƙasa su duba sama, sa'an nan su yi a sama su duba ƙasa. A mako na tara na ce kowa ya rufe FrontPage ya buɗe Notepad, ya rubuta mini shafi mai kan magana ɗaya, da sakin layi biyu, da mahaɗi ɗaya, da ka. Cikin yara 31, 22 suka yi ba kuskure, sauran kuwa yawancinsu alamar rufewa suka manta.

Malamin da ya duba ni ya rage mini maki saboda rijiyar da ta ɓace, ban kuwa yi gardama ba. Kafin in taso mun gyara shafin, an sāke nuna wa iyaye, dattijon nan ya ga rijiyarsa. A kan allon ko wace kwamfuta cikin shidan nan na bar fayil mai suna haruffa, da jaka mai suna makaranta wadda an riga an sa shafuffukanta a UTF-8 da layukan nan biyu. Wanda aka tura can bana, ya tambayi mai gadi mabuɗin ɗakin, ya kuma tafi da linzami nasa, gama biyu daga cikin na can ba su danna dama.